Naƙudar da Na Ɓoye a Hanyar Kwatano

Wata bakwai ke nan da dawowata, amma har yanzu idan mota ta taka burki a bakin titin garinmu sai in ji marata ta ɗaure. Wata ƙawata da muka yi sakandare tare ce ta matsa min, ta ce abin da baki ya kasa faɗa a ba takarda, ita ba ta katse mutum. To ga shi. Wanda ya ga wautata ya yi min uzuri. Ni ma na gan ta, sai dai a makare.

Sunana Hafsatu. Garinmu wani ƙauye ne a ƙasar Bagwai, inda gona ke dafe da gona, ba ka sanin ka bar wani gari sai ka ji ana yi maka sannu da zuwa a na gaba. Bayan na gama makaranta na auri wanda nake so, ɗan garinmu, mai sayar da gwanjo a Kwatano, ya tafi da ni can. Ba zaman Kwatano zan ba da labari ba. Abin ya fara ne ranar da aka ce lokaci ya yi in koma gida goyon ciki, don ɗan fari a gaban uwa ake haifarsa, ita za ta dafa ruwan wanka, ita za ta dama kunun kanwa.

Katin awona ya nuna saura sati uku. Matan gidan da muke haya suka ce kada in damu, ɗan fari ba ya sauri. Maigidana kuwa kayansa sun maƙale a tashar jirgin ruwa, ba halin ya matsa, sai ya haɗa ni da wansa, Yaya Isiyaku, wanda ya kawo albasa ya sayar zai koma ta hanyar arewa, mu faɗa Kebbi, mu wuce gida.

Wanda ba namu ba zai ce to mene ne, ai wan miji ɗan'uwa ne. A wurinmu wan miji suruki ne. Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Gaisuwa ce kawai, a durƙushe, ina kallon ƙasa.

Ana gobe za mu taso Inna ta kira ni a waya. Ta gama faɗa min ta tara itace, ta sa an surfa gero, sai ta sauke murya.

"Hafsatu, ki ji ni da kyau. Duk ranar da abin ya zo, ban da raki. Gidanmu ba a san mu da shi ba. Ke ɗin nan ina cikin daka na jingine taɓarya na shiga ɗaki, kakarki tana tsakar gida ba ta san me ake ciki ba sai da ta ji kukanki. Mace ta yi ihu a kan gwiwa, har 'ya'yanta sai an yi wa gori."

"Na ji, Inna."

"Allah ya raba lafiya."

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, tun la'asar ɗin ranar bayana yake wani irin ciwo, ya zo ya tafi. Na ɗauka wankin da na yi ne.

Da sassafe muka shiga babbar mota. Yaya Isiyaku ya zauna a gaba, ni a bayansa kusa da taga. Muka bar bishiyoyin kwakwa muka shiga daji. Ni da na saba da ƙasar da babu taku ɗaya da fartanya ba ta taɓa ba, sai na ga daji yana ta wucewa kamar ba shi da mai shi. Babu jaki ɗauke da mangalar taki, babu gawo, babu manomin da zai ɗago kai daga kunyar gona ya ce a sauka lafiya. Na riƙa rufe ido ina ganin hanyar gonarmu, in bi ta ɗorawar gidan Malam, in zagaya rijiya, in isa ƙofar Inna. Duk sanda ciwon ya taso, da wannan hanyar nake bi har ya lafa.

A Dasa motar ta tsaya, garin manyan duwatsu. Mata suka yanyame tagogi da ƙullin garin rogo, kowa na magana da yaren da ban san kansa ba. Yaya Isiyaku ya sauka ya dawo da burodi da ruwa, ya ajiye a gefen kujerata, fuskarsa na kallon wani wuri.

"Hafsatu, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ba kya bukatar komai?"

"Babu komai."

A daidai lokacin ji nake kamar an zagaya ƙuguna da igiyar guga ana ja. A makaranta an koya mana wannan abin, har zane muka yi a littafi, na san sunansa da Turanci. Sanin bai buɗe min baki ba. Ta ina zan fara? In ce masa me? Kalmar kanta ba ta faɗuwa a gaban wan miji.

A Paraku muka yada zango a gidan wani abokin cinikinsa, aka kai ni wurin mata. Suna jin Hausa, sun karɓe ni hannu biyu, da na yi magana da sun taimake ni. Amma na san ina faɗa zance zai fita zaure, a tsayar da tafiyar, in haihu a hannun baƙi. Na ce wa kaina, ki daure, kwana ɗaya da wuni ne ki ga Inna. Da asuba na zagaya zan yi alwala sai na ji faya ta fashe. Ruwan ba fari ba ne kamar yadda nake ji ana faɗa. Kore-kore ne, kamar wanda aka tafasa zogale a ciki. Na tsaya ina kallonsa. Sannan na wanke ƙafafuna, na ɗaura zani biyu, na zumbula babban hijabina, na fito na yi wa matan gidan godiya.

Daga nan ƙaramar mota muka samu, an cusa mu kamar buhuna. Kusa da ni wata mata ce ƙaƙƙarfa, da kwandon kaji a cinya. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Mun yi tafiya kamar ta awa biyu, ciwon ya daina ba ni hutu, na cusa gefen hijabi a baki na cije. Gumi ya jiƙa ni har yana ɗiga a hannunta. Sai na ji ta zura hannu ta ƙarƙashin hijabin ta dafa cikina. Ta bar shi a nan har ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Ta dube ni, ta dubi ƙeyar direba, ta ɗaga murya ta rufe shi da faɗa, kajin ma suka taya ta.

Yaya Isiyaku yana gidan gaba. Bai waiwayo ba. Na ga dai wuyansa ya sandare.

"Direba," in ji shi, "asibiti."

Garin da muka tsaya har yau ban iya faɗin sunansa daidai ba. Direban yana jin Hausar tasha, bakinsa kamar zuma.

"Alhaji, ku shiga a duba ta, ina nan ina jira. Kaya su zauna a but, wa zai taɓa? Ni ma ina da iyali."

Mai kajin ta riƙe ni har bakin ƙofa, ta shafa kaina, ta faɗi wata magana mai kama da addu'a, ta koma. Da Yaya Isiyaku ya fita ɗauko jakata, babu mota babu alamarta. A cikin jakar nan akwai zannuwana, da 'yan rigunan da na ɗinka wa jariri da hannuna, da katin awo.

Asibitin ɗan ƙarami ne, dogon baranda da benci biyu. Ma'aikaciya ɗaya na gani a ɓangaren haihuwa, siririya, da tabarau, da gani ita ma baƙuwa ce a garin, daga kudu aka turo ta. Ta yi min magana da Faransanci. Na amsa da Turanci, ta girgiza kai. Duk shekara shidan da na yi ina haddar Turanci, ranar nan ko ruwa bai iya roƙa min ba. Ta zana kati a iska da yatsa, na buɗe hannuwa. Yaya Isiyaku yana tsaye a gefena yana haɗa 'yan kalmomin kasuwa, shi kansa bai san me zai ce ba, tunda ban gaya masa komai ba. Sai ta nuna cikina, ta yamutsa fuska, ta buɗe hannuwanta da faɗi, sannan ta matse yatsu biyu. Tambaya take: ciwon babba ne ko kaɗan?

Da a ce Yaya Isiyaku ba ya wurin, da na faɗi gaskiya. Amma yana wurin, ina jin numfashinsa. Na ɗaga yatsu biyu na matse su.

Ta gyaɗa kai, ta nuna min benci. Yaya Isiyaku ya fita gindin wata bishiya ya zauna.

Hantsi ne lokacin. Ina zaune aka kawo wata mai zani ruwan ɗorawa, tun daga bakin ƙofa ake jin ta. Ta zube a ƙasa, ta yi birgima, ta cafki rigar mijinta ta yaga masa aljihu, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran rajista. Na ce a raina, Allah ya kyauta, wannan ba ta da uwa ne? Nan da nan mai tabarau ta fito aka shige da ita. Aka kawo wata, ita ma da nata kururuwar, aka shige da ita. Sau biyu ko uku mai tabarau tana leƙowa, ta gan ni zaune a miƙe ina motsa baki, ta ɗaga min hannu alamar in ƙara haƙuri, ta koma da gudu. Ni kuwa har wani daɗi nake ji a ƙasan raina, cewa ko a ƙasar wasu ban ba Inna kunya ba.

Aka kira azahar a wani masallaci can nesa. Daga nan ne na lura yaron ya daina motsi. Tun wata biyar yake damuna da shuri, musamman idan na sha ruwan sanyi. Na dafa gefen da ya saba tokara. Shiru. Na ɗan girgiza. Shiru. Tsoron da ya shige ni a lokacin ya fi ciwon, amma ko shi bai ɗaga ni daga bencin ba. Na dai ci gaba da karanta duk abin da ya zo bakina, ina gama Ƙulhuwallahu in koma farko.

Wata tsohuwa ce ta zo tana goge baranda, da bokiti da tsumma a kan sanda, ɗankwalinta a karkace. Ta zo daidai ƙafata ta tsaya, ta kasa kunne.

"Ke, Bahausa ce?"

Na ɗago kamar wadda aka kira daga rijiya. "E, Iya."

"Daga ina?"

"Kano."

"Kano! Mijina na biyu Bakano ne, mahauci, Allah ya jiƙansa. Shi ya koya min Hausa, ya fara da zagi. Ɗaga ƙafa in goge."

Na kasa ɗagawa. Ta sunkuya za ta matsar da ni, sai idonta ya faɗa kan bakin zanina, inda koren ruwan ya sake ɓullowa. Dariyar ta bar fuskarta.

"Wannan tun yaushe?"

"Tun asuba."

"Ciwon fa?"

"Tun shekaranjiya."

"Shekaranjiya! Kuma kika zauna nan kamar mai jiran ɗinki? Yana motsi?"

Na girgiza kai. Hawayen da na riƙe kwana biyu suka zubo, amma ko su a shiru suka zo.

"'Yar nan, saurara. Yaron ya yi kashi a ciki, ya gaji ke nan. Madam ɗin can ita kaɗai ce, hannu biyu gare ta, da kunne take zaɓar wadda za ta ɗauka. Buɗe baki ki yi ihu."

"Ba zan iya ba, Iya. Wan mijina yana waje."

"Wan mijinki ne zai haihu?"

"Innata ta ce..."

"Innarki tana Kano!"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Babu abin da ya fito sai iska. Kamar an ɗinke maƙogwarona tun ina yarinya, zaren ya shige cikin nama.

Iya ta dube ni, ta yi tsaki. Ta jefar da sandar, ta shure bokitin ya kife, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ko a gidan mutuwa. Ta ƙara. Ta ƙara. Tsuntsaye suka tashi daga rufin kwano. Mai tabarau ta fito a guje da safar hannu duk jini, Iya ta nuna zanina tana zuba mata yare.

Ban san yadda aka kai ni kan gado ba. Na tuna mai tabarau ta kafa wani ɗan mazurari a cikina ta manna kunne, ta matsar, ta sake matsarwa, tana kallon agogon hannunta. Na tuna yadda leɓenta na ƙasa ya shige cikin baki. Daga nan komai da gudu aka yi shi. Aka sa min ƙarin ruwa, aka ƙara ni da almakashi, ban ma ji ba. Ita tana cewa "Puse! Puse!" Iya tana kaina, ta riƙe kafaɗuna tana fassarawa da ƙari.

"Yunƙura! Yunƙura, 'yar banza, duk ƙarfin da kika yi shiru da shi kawo shi nan! Ba tuwo kike ci a Kano ba?"

Ana kiran la'asar ya faɗo.

Bai yi kuka ba.

Na ɗaga kai na gan shi a hannunta, namiji, jikinsa shuɗi-shuɗi, hannuwansa na reto kamar tsumma. Ta yanke cibiya ta ruga da shi kan wani tebur, ta zuƙe masa hanci da baki, ta murje bayansa da tawul, ta kifa masa wata roba a fuska tana matsawa, tana matsawa. Tabaraunta ya zame har ƙarshen hanci ba ta gyara ba. Iya ta daina zagi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar robar nan kawai, fus, fus, fus.

A nan zaren ya tsinke. Ban san ni ce ba sai da na ji maƙogwarona yana zafi. Inna nake kira, da iyakar ƙarfina, ina cewa ta zo ta gani, ta zo ta gani. Na tabbata har gindin bishiya an ji. Ban damu ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Iya ta ce bai kai a dafa shayi ba, ni a wurina ya fi tafiyar Kwatano. Sai muka ji wani ɗan sauti, siriri, kamar na 'yar kyanwar da aka rufe a kwando. Mai tabarau ta jingina da bango ta zame ta zauna a ƙasa.

Kwananmu tara a asibitin. Ran na biyu ya yi jijjiga, aka sa masa robar iska a hanci, nono ma sai na tatsa a ba shi da ɗan cokali. Ba ni da ko ƙyalle. Mai zani ruwan ɗorawa, wadda na ce ba ta da uwa, gadonta na kusa da nawa, 'yarta ƙatuwa, lafiyayya, tana tsotso kamar za ta cinye ta. Ita ce ta buɗe jakarta ta ciro zani biyu da hula da safa ta ajiye min, ta kama haɓata tana dariya, tana kwaikwayon yadda na yi ihu. Duk abincin da aka kawo mata sai ta raba biyu. Sakwara ce da wata miya mai yauƙi, ina ci ina tuna tuwon dawar Inna da miyar kuka, in haɗiye da hawaye. Babu kunun kanwa, babu gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Amma kullum da safe Iya sai ta zo da bokitin ruwan zafi da ganyen darbejiya, ta ja ni bayan ɗaki ta fyaɗa min.

"Na san ku," in ji ta. "In ba a dafa ku ba sai ku ce ba ku haihu ba."

Mai tabarau ta zo ran na uku ta zauna a bakin gadona, ta yi magana mai tsawo tana kallon hannuwanta. Na dubi Iya.

"Ta ce ki yafe mata. Ta ce da ta kwantar da ke ta duba tun farko, ba ta tsaya tambaya ba. Ta ce tun da take aiki ba ta taɓa ganin wadda kan ɗa ya sauko tana zaune a miƙe ba."

Na ce a gaya mata ni ce na matse yatsu. Ta kama yatsun nawa biyu ta riƙe.

Yaya Isiyaku shi ya yi wa yaron huɗuba, da robar a hancinsa. Shi ya karɓi mabiyiya da Iya ta wanke, ya binne a bayan asibitin. Kafin maigidana ya iso, a gindin bishiyar nan yake wuni. Wata rana da hantsi na ji muryarsa ta bayan taga, ba ya ganina, ba na ganinsa.

"Hafsatu."

"Na'am, Yaya."

"Tun a Dasa na ga kina cije baki. Na haifi biyar, na san abin da na gani. Na yi ta juya yadda zan tambaye ki, na ji nauyi. Na ce in da wani abu ai za ta faɗa. Ke kina jin kunyata, ni ina jin taki, yaro yana tsakani. Allah ya yafe mana."

Ban taɓa jin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Shi ma a hankali yake yi, kada a ji.

Ran suna a gida aka yanka rago, babu jariri babu mai jego, ta waya aka faɗa mana an yi. Ranar da za a sallame mu wani likita ya zo daga babban gari ya duba yaron, ya ɗaga hannunsa ya saki, ya haska idonsa. Iya ta tsaya a tsakani, wannan karon ba ta ƙara ko kalma ɗaya tata ba.

"Ya ce yaron ya daɗe bai sami iska ba. Ya ce wani yana tashi lafiya ƙalau, wani kuma abin yana taɓa masa kai, ba a ganewa yanzu. Ya ce ki sa ido. Riƙe wuya, zama, rarrafe, tafiya, magana. Kowanne ya zo a kan lokaci, ki gode wa Allah ki jira na gaba."

Da wannan guzurin na iso gida.

Mata suka cika tsakar gidanmu ana barka. Na ji Inna tana ce wa wata maƙwabciya, "Kwana biyu tana naƙuda a mota, ko wan mijinta bai sani ba." Suka ce kai, Hafsatu ta yi gado. Na shige ɗaki na kifa kai.

Sai da muka keɓe a bayan gida tana yi min wanka na gaya mata komai, koren ruwan, da yatsu biyu, da bencin, da abin da likita ya ce. Ganyen yana hannunta yana ɗiga. Ta daɗe ba ta tsoma shi ba, har tururin ya rage.

"Kafin yayanki akwai wani," in ji ta. "Ban taɓa gaya muku ba. Kwana biyu na yi a ɗaki, ban bari an ji ba. Ya zo bai yi kuka ba. Aka ce haka Allah ya so, aka yaba min." Ta tsoma ganyen. "Ruwan nawa ma kore ne. Juya bayanki."

Ba mu sake zancen ba. Amma na lura ko sau ɗaya ba ta ƙara ba wa kowa labarin motar ba.

Wuya ya riƙe a makare, sai da ya kusa wata biyar. Kwanakin nan ba na so in tuna su. A garinmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in yana kuka ma sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Ni na kasa. Ina tankaɗe ina kallonsa, ina salla ina jin numfashinsa. Har an sa min suna, wai marar kunyar ɗan fari.

Shekaranjiya muna tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, mata sun kai takwas, Inna ta zaunar da shi a tabarma ta tokare shi da matashi kamar kullum. Akuya ta shigo ta nufi gyaɗar, Inna ta fizgi matashin ta jefe ta da shi. Sai da akuyar ta fita muka waiwayo. Yana zaune. Babu abin da ke riƙe da shi. Ya dafa tabarma da hannu ɗaya, yana tangaɗi kamar ɗan maye, ya kafa wa ɓawon gyaɗa ido.

"Abdullahi!" na ce, da ƙarfi, har na zubar da faifan da ke cinyata. "Ku duba Abdullahi! Inna, ya zauna!"

"La ilaha illallahu," in ji wata gwaggona. "Yau ga 'yar zamani. Har da suna, gatsal, a gaban uwarta?"

Aka fashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Ku ƙyale ta ta kira abinta."

Ya ɗan jima a haka, sannan ya kife a gefe ya tsala kuka, na ɗauke shi a gaban kowa.

Saura rarrafe. Saura tafiya, saura magana. Ina nan ina kallo.